Gini da Adalci: Tarken Tsarin Ginin Kotunan Zamani a Birnin Zariya

1.0 Gabatarwa



A tarurruka irin wannan mun saba da tarken waƙa da zube da wasan kwaikwayo, kuma da wuya a ji wani ya tashi ya ce zai yi tarken gini. Amma kuwa gini shi ma ƙagaggen abu ne, wanda wani ya zauna ya tsara da wata manufa a ransa, kuma yana da abin da yake faɗa wa duk wanda ya shige shi. Bahaushe ya san haka tun da daɗewa. Shi ya sa baƙo in ya iso ƙofar gida, kafin ya yi sallama ya riga ya gane matsayin maigidan daga girman zaurensa da zankayensa da irin zanen da ke jikin bango. To, in gidan mutum ɗaya yana magana haka, ina ga gidan da jama'a ke kai kukansu?

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta dubi tsarin ginin kotunan zamani da mutanen birnin Zariya ke zuwa, ta auna shi da aikin da aka gina shi dominsa. Hukuncin da ake yankewa a ciki fagen masana shari'a ne, saboda haka ba za mu taɓa shi ba. Abin da za mu duba shi ne bango da ƙofa da taga da wurin zama, da yadda waɗannan ke taimakon mai neman hakkinsa ko kuwa su tauye shi. Ra'ayin da zan kare shi ne cewa mun karɓi fasalin ɗakin shari'ar Ingila, wanda aka tsara domin wata irin shari'a dabam, muka zuba tamu a cikinsa, kuma talaka ne yake ɗauke da nauyin wannan rashin dacewa.

2.0 Ma'aunin da Za a Yi Amfani da Shi

Duk mai tarke wajibi ne ya bayyana ma'auninsa, don kada ya zama yana yabo da kushe bisa son zuciya. Nawa ma'aunin na ciro shi ne daga abin da malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya suka shimfiɗa game da ladubban alƙali, tun da ita ce mazhabar da ake hukunci da ita a ƙasar nan, kuma littattafanta irin su Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim su ne alƙalanmu suka tashi da su.

Abu na farko, mazaunin alƙali ya kasance inda kowa zai iya kaiwa gare shi. An san Imamu Malik yana ganin yin hukunci a masallaci daɗaɗɗen al'amari ne, amma malaman mazhabarsa sun so alƙali ya zauna a farfajiyar masallacin, domin mace mai uzuri da wanda ba Musulmi ba su ma su iso gabansa. Abu na biyu, a daidaita masu jayayya wajen zama da kallo da saurare, kamar yadda Halifa Umar ya umurci Abu Musa al-Ash'ari a wasiƙarsa shahararriya. Abu na uku, kada alƙali ya yi hukunci yana cikin fushi. Wannan hani ya tabbata a hadisi, kuma malamai sun haɗa da duk abin da ke dagula tunani, kamar yunwa da ƙishirwa da tsananin zafi. Abu na huɗu, a nemi sulhu tsakanin dangi, a kuma suturta abin da bai kamata ya fita ba.

In an lura, kowane ɗaya daga cikin waɗannan huɗu yana da hannun magini a ciki. Magini ne ke sa ƙofa, shi ke ɗaga daɓe ko ya sauke shi, shi ke shigo da iska, shi ke tsaga ɗaki biyu. Saboda haka ladubban alƙali ladubban magini ne kuma.

3.0 Ɗakin Shari'ar Babban Gwani

Zariya ta yi sa'ar samun abin kwatance na gida. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina Masallacin Juma'a na birni a gaban fada. Wanda ya gina shi kuwa shi ne Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, kuma har yau akwai unguwa mai sunansa a cikin birni. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, Babban Gwani ya tsara wurin ne a matsayin rukunin gine-gine: ga ɗakin salla, ga katangar da ta kewaye farfajiya, ga zaurukan shiga inda ake alwala, sa'an nan ga ɗakin shari'a. Masana gine-gine irin su Dmochowski, mutumin Foland, da Moughtin da Hamman Tukur Sa'ad sun nazarci aikin magina Hausawa, kuma daga awon da Dmochowski ya yi ne aka gina kwafin masallacin a gidan kayan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Kayan aikin Babban Gwani su ne jar ƙasa da tubali da azara. Azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa in tazara ta wuce kimanin mita 2. Wannan iyaka ce ta haifar da bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera azara tana hawa kan 'yar'uwarta daga bango ko ginshiƙi, ana naɗe ta da ƙasa, har ƙafafun su haɗu a sama su riƙe tulluwa. Ta haka magini ke samun ɗaki mai faɗi da tsawo ba tare da ƙarfe ba. Kaurin bangon kuma yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sako shi ciki sai dare ya yi. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro da azahar a watan Afrilu ba sai an yi masa dogon bayani ba, gani ya kori ji.

Bari mu ɗora wannan tsari kan ma'auninmu. Wurin da aka aje ɗakin shari'a shi ne cibiyar birni, inda hanyoyin Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da sauran ƙofofi ke kawo mutum. Talaka ya san wurin, domin nan yake zuwa Juma'a. Ɗakin yana cikin harabar masallaci amma an ware shi daga ɗakin salla, watau an bi abin da malamai suka so. Wajen zama kuwa, a al'adar alƙalan da, alƙali na kan buzu ko shimfiɗa, muhuti na gefensa da alƙalami da tawada, masu ƙara na durƙushe a gabansa kan daɓe ɗaya. Girman da ɗakin ke da shi yana sama ne, a cikin bakan gizo da tulluwa. Mai shiga zai ji kwarjinin wurin daga bisa kansa, amma a ƙasa shi da abokin shari'arsa kafaɗa da kafaɗa suke.

4.0 Yadda Kotu ta Sake Mazauni da Kama

Turawa sun karɓi Zariya a 1902, kuma a 1903 aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba. Dokokinsa na 1900 da 1906 sun amince da su, suka sa su ƙarƙashin kulawar Razdan. Daga nan aka shiga buƙatar abubuwan da zauren alƙali bai tanada ba, kamar rajista da rasit da akwatin aje kuɗin tara, kuma En'e ta shiga gina wa alƙalai ɗakuna na musamman. A gyaran da aka yi a 1933 aka kafa Babbar Kotu da kotunan majistare, aka ci gaba da hana lauyoyi tsayawa a kotunan gargajiya. A 1960 kundin Final Kod ya fara aiki, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma a nan Zariya, a makarantar horon ma'aikata ta Kongo, aka riƙa koyar da alƙalai sabuwar dokar. Daga baya aka soke kotunan sarakuna, a 1968 kuma aka mayar da na alƙalai kotunan yanki a hannun gwamnatin jiha. A watan Nuwamba na 2001 kuma Jihar Kaduna ta kafa kotunan Shari'a da na al'ada.

Wannan tarihi ya bar alamarsa a taswirar gari. Zuwan Turawa da hanyar jirgin ƙasa ya raba Zariya kashi-kashi: birni, Tudun Wada, Sabon Gari da Bariki. Ƙananan kotuna sun zauna a birni, amma Babbar Kotun Jiha tana ɓangaren Sabon Gari, ƙetaren Kubanni. Watau gwargwadon yadda ƙara ke hawa sama, gwargwadon yadda take nisa da ganuwa. Tsohuwar da ta taka da ƙafa ta kai ƙararta gaban alƙali, in aka ɗaukaka ƙarar sai ta nemi kuɗin mota da ɗan rakiya, kuma sau da yawa da tafinta.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, duk waɗannan sauye-sauyen suna da doka ba su taɓa sa an zauna an tambayi wane irin ɗaki ya dace da kowace kotu ba. Fasali ɗaya aka riƙa maimaitawa: dogon ɗaki na bulo da siminti, rufin kwano, silin, tagogin gilashi masu buɗewa jere, baranda a gaba, dandamalin alƙali a ƙurya, akwati biyu a gefe, sa'an nan bencina. Wannan shi ne ginin da za mu tarkata yanzu.

5.0 Tarken Ginin Zamani

5.1 Shiga

Gidan Bahaushe ba a faɗa masa kai tsaye. Daga titi sai dakali, daga dakali sai zaure, daga zaure sai ƙofar gida, sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida. Kowane mataki yana da wanda ya isa ya tsaya a nan, kuma yana ba mai shigowa damar ya kintsa. Kotun zamani ta zubar da wannan jeri. Daga ƙofar ƙarfe mai ɗan sanda sai fili fetal, daga fili sai baranda, daga baranda sai gaban alƙali. Babu wurin da aka gina musamman domin jira. Baranda mai faɗin taku uku ita ce zaure, ita ce ɗakin shawara da lauya, ita ce wurin da mai ƙara da wanda ake ƙara da shaidunsu ke cakuɗuwa tun safe.

Illar wannan a fili take. Mutum biyu da suka kwana da gaba an tilasta musu zama benci ɗaya na awa uku ko huɗu. Shaida yana jin abin da ɗan'uwansa ya faɗa ta taga kafin a kira shi. Baƙauye kuma da bai san ofishin rajista ba, babu abin da ke nuna masa hanya a jikin ginin, domin duk ƙofofin kamarsu ɗaya. Sai ya tambayi wanda ya fara gani, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ginin da ba ya nuna wa baƙo hanya, ya buɗe kasuwa ga 'yan na-kama.

5.2 Zama

Ɗakin shari'ar Ingila an tsara shi ne domin shari'ar da lauyoyi biyu ke fafatawa, alƙali yana sama yana saurare, wanda ake tuhuma yana tsare cikin akwati. A wannan tsari tazarar da ke tsakanin alƙali da jama'a tana da dalili, domin lauyoyi ne ke cike ta. Shari'ar Malikiyya kuwa ba haka take tafiya ba. Alƙali da kansa ke tambayar mai da'awa, ya juya ga wanda ake ƙara ya ji ko ya amsa ko ya musa, ya nemi hujja daga mai da'awa, ya ɗora rantsuwa inda ta dace, sa'an nan ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana. Wannan zance ne na fuska da fuska, mai bukatar kusanci.

To, sai aka ɗauki alƙalin nan aka aza shi kan dandamali, aka sa masa babban tebur a gaba, aka tura masu shari'a cikin akwati. Mafi yawan abin da ke zuwa gaban kotunan Shari'a kuwa aure ne da gado da bashi da rikicin gona ko gida. Babu mai laifi a ciki. Amma akwati a idon Bahaushe wurin ɓarawo ne. Dattijon da ya zo rabon gadon ɗan'uwansa, da zarar an ce ya shiga akwati ya riga ya ji an muzanta shi, kuma wanda aka muzanta ba ya karɓar sulhu. Ta wannan hanya kafinta ya shigar da tuhuma cikin shari'ar da babu tuhuma a cikinta.

Ba ina cewa a koma kan buzu ba. Alƙalin yau yana rubutu da yawa, yana bukatar tebur, kuma lauyoyi sun shigo kotunan da a da aka hana su. Abin tambaya shi ne tsawon dandamalin da nisansa, da kuma ko akwati ya zama dole a shari'ar da ba ta laifi ba.

5.3 Sutura

A nan ne nake ganin ginin zamani ya fi kasawa. Na taɓa raka wani ɗan'uwana wata kotu kan maganar gado. Kafin a zo kanmu aka kira ƙarar wata yarinya mai neman rabuwa da mijinta. Alƙali ya tambaye ta dalili. Dalilin kuwa irin wanda mace ba ta faɗa ko gaban mahaifiyarta sai da kewaye-kewaye. Ɗakin cike yake, tagogi shida a buɗe saboda zafi, kowace taga da kawunan 'yan kallo. Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Alƙali yana can nesa bai ji ba, ya ce ta ɗaga murya. Ta yi shiru. Da aka matsa mata sai ta ce ita dai ba ta son sa ne kawai.

Malamaina sun fi ni sanin bambancin da ke tsakanin waɗannan amsoshi biyu. Macen da ta tabbatar da cutarwa ana iya raba aurenta ba ta biya kome ba. Wadda ta ce ƙi ne kawai, hanyarta hul'i ce, watau ta fanshi kanta da dukiya. Ban san yadda shari'ar ta ƙare ba, kuma ba na zargin alƙalin, domin da abin da ya ji zai yi aiki. Abin da na gani shi ne tsarin ɗaki ya sauya maganar da ta fito daga bakin mai ƙara. Kunya ɗabi'a ce da muke yabo a wajen 'ya'yanmu mata, sai ga shi mun gina musu ɗakin da kunya ke jawo musu hasara.

Gaskiya ne alƙali yana iya janye irin wannan ƙara zuwa ofishinsa. Amma ofishin an gina shi ne domin mutum ɗaya da teburinsa, kuma shari'ar da aka yi a ƙuryar ofis tana jawo zargi. Abin da babu shi ne ɗaki na tsakiya, irin matsayin shigifa a gida: ba a bainar jama'a ba, ba kuma a ɓoye ba, inda alƙali da magatakarda da ma'aurata da waliyyansu za su zauna. Irin wannan ɗaki ne kuma hakamai biyu, na ɓangaren miji da na ɓangaren mata, za su yi aikin sulhun da Alƙur'ani ya yi umurni da shi.

5.4 Zafi da Sauti

Zariya tana da bazara mai zafi a Maris da Afrilu, da damina mai ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, da hunturu mai ƙura. Bulo mai rami da rufin kwano ba su dace da ko ɗaya daga cikin ukun ba. Da bazara kwano na ɗaukar zafi ya sako shi nan take, bulo kuma ba shi da kaurin da zai tsare. Da damina in ruwa ya sauka kan kwano sai a dakata da shari'a, domin ba mai jin wani. Da hunturu tagogin gilashi ba sa hana ƙura, sai ta kwanta kan fayil. Maganin da aka tanada shi ne fanka da na'urar sanyaya ɗaki, su kuwa sai da wuta. In wuta ta ɗauke aka tada janareta, ƙararsa ta cinye muryar shaida.

Mu tuna da sharaɗi na uku. In malamai sun hana alƙali hukunci cikin zafin da ke dagula tunani, to ɗakin da ke zama tanda da ƙarfe ɗaya na rana ya saɓa wa ladabin shari'a tun kafin alƙali ya buɗe baki.

6.0 Inda Ginin Zamani ya Yi Daidai

Tarken da bai ga alheri ba ya zama zagi. Ginin zamani ya kawo abubuwa uku da ya kamata a riƙe. Na ɗaya, ya raba kotu da gidan alƙali da kuma inuwar fada. Kusancin ɗakin shari'a da fada yana da daɗi ga mai tafiya da ƙafa, amma ba shi da daɗi ga wanda ke ƙarar bafade. Na biyu, ya tanadi bencin jama'a, ya tabbatar da cewa shari'a abu ce da kowa ke iya shiga ya gani, kuma idon jama'a kariya ne ga mai rauni. Na uku, ya ba rubutu muhalli. Ɗaukaka ƙara ba ta yiwuwa sai da kundin abin da ya gudana, kundi kuwa yana son ɗaki da kabad.

Haka kuma ginin ƙasa yana da nasa sharaɗi. Yana son yaɓe da gyaran indararo kowace shekara kafin ruwa ya sauka, kuma a da akwai Sarkin Magina da aikin gayya masu ɗaukar wannan nauyi. Masallacin Babban Gwani kansa, wanda aka lulluɓe da ginin kankare a shekarun 1970, wani sashensa ya rufta ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 ana sallar La'asar, aka yi hasarar rayuka. Allah ya jiƙansu. Wannan musiba ta isa gargaɗi ga duk mai kiran a koma ginin ƙasa ba tare da ya faɗi wanda zai riƙa duba shi ba. Abin da nake kira a ɗauko daga Babban Gwani shi ne tunaninsa game da jeri da zama da iska. Kayan aiki kuwa kowane zamani da nasa.

7.0 Abin da Wasu Suka Yi

Ba mu kaɗai muka gaji ɗakin shari'ar Turawa ba. A Afirka ta Kudu, da aka tashi gina Kotun Tsarin Mulki a Johannasbag, wadda aka buɗe a 2004, an aza ta ne a harabar tsohon kurkukun da aka taɓa tsare Gandhi da Mandela. An yi amfani da tubalan wani sashen kurkukun da aka rushe, aka kuma gina tsarin kan al'adar yin shari'a a gindin itace, har ginshiƙan zauren shiga aka karkata su kamar itatuwa. Sun tambayi kansu yadda mutanensu suka san wurin shari'a, sa'an nan suka zana.

Kusa da mu kuma, a ƙasar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya sami lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji, a 2018, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan garin. Mutanen waɗannan garuruwa Hausawa ne 'yan'uwanmu, ƙasarsu ta fi tamu zafi. Mu kuwa da muke da sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a Kongo, ba mu da hanzarin cewa babu masana. Abin da ya rage shi ne a haɗa su tebur ɗaya.

8.0 Shawarwari da Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ina ba da shawara biyar ga duk hukumar da za ta gina ko ta gyara kotu a birnin Zariya. Na ɗaya, a yi zauren shiga na sosai, wanda daga cikinsa ake hango ofishin rajista, da wuraren jira biyu a ƙalla, da rumfa ta mata mai makewayi da wurin shayarwa. Na biyu, a sauke dandamali zuwa taki ɗaya, a matso da masu shari'a kusa da alƙali kan kujeru iri ɗaya, a bar akwati ga shari'ar laifi kaɗai. Na uku, kowace kotun Shari'a ta sami ɗakin sulhu mai ɗaukar mutum goma, tagoginsa a sama. Na huɗu, a kaurara bango, a ɗaga rufi, a sa tagogi manya a kudu da arewa, a dasa itatuwan inuwa a farfajiya, yadda ɗakin zai zaunu ko babu wuta. Na biyar, kafin a zana kome a zauna da alƙalai da magatakarda da magina, a kuma saurari matan da suka taɓa tsayawa gaban kotu.

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa ginin kotun zamani ya ci nasara wajen raba shari'a da fada da kuma adana rubutu, amma ya kasa wajen tarbar mai ƙara da zaunar da shi da suturta shi. Bahaushe ya ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Haka ne, amma ɗakin da za ta haihu a ciki mu ke gina shi, kuma ana iya tambayarmu yadda muka gina. Ina fata malamaina za su gyara mini inda na yi kuskure, masu nazarin gine-gine kuma su ɗora daga inda na tsaya, musamman wajen auna kotunan birni ɗaya bayan ɗaya.